Birnin da Ke Cikin Kwamfuta: Hisabin Abin da Gari Ke Ci da Abin da Yake Zubarwa



Duk uwargidan da ta taɓa leƙa randa da magariba, ta dubi inda ruwa ya tsaya, sa'an nan ta ƙirga a zuci bakin da za su sha, da tuwon dare, da alwalar asuba, da wankan yara 'yan makaranta, har ta yanke shawarar ko a kirawo mai garuwa yanzu ko a bari sai gari ya waye, to, haƙiƙa ta riga ta san asalin ilmin da za mu tattauna a kansa yau, ko da ba ta taɓa jin sunansa ba. Abu uku ta haɗa a zuciyarta: abin da ke ajiye, da abin da ke fita, da abin da ake sa ran zai shigo. Masu ilmin tsara birane ba su ƙara kome a kan waɗannan ukun ba face yawa, domin randarsu madatsar ruwa ce, iyalinsu miliyoyin mutane, kuma tun da zuciyar ɗan Adam ba ta iya riƙe wannan hisabi, sai suka ɗora wa kwamfuta. Suna gina mata birni na lissafi, wanda ba shi da ƙasa ko jar laka sai lambobi da ƙa'idodi, su sake shi ya yi ta rayuwa a cikin na'ura, su zura ido su ga yaushe ruwansa zai ƙare, ina shararsa za ta taru, me kuma zai faru in aka taɓa wannan aka bar wancan.

Damuwa da wannan mas'ala ta girme wa kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekara ta 97 bayan haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu, aka naɗa wani dattijo mai suna Frontinus ya zama wakilin ruwa na birnin Rum, wanda a lokacin manyan magudanai 9 ke shayar da shi. Da ya buɗe littattafan ofishinsa sai ya ci karo da abin al'ajabi, wato ruwan da aka rubuta ana rabawa ya fi wanda aka rubuta yana shigowa. A rabon gado, in rabo ya fi dukiya, malaman fara'ili suna da aulu da za su daidaita shi, amma a rabon ruwa babu aulu, ba a raba abin da bai zo ba. Gani ya kori ji, sai ya tashi ya tafi bakin magudanan ya auna da kansa, ya tarar ruwan da ke shigowa ya ɗara na littafi da yawa ƙwarai, ragowar kuwa tana zurarewa ta tsaguwa da ta ɓoyayyun bututu waɗanda ma'aikata ke huda wa masu abin hannu. Shi kuma Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddima wadda ya rubuta a 1377, da ya zo zancen kafa gari, ya lissafa abubuwan da wajibi ne mai kafawa ya duba: ruwa a kusa, da makiyaya domin dabbobi, da gonaki, da daji domin itacen wuta da na gini. Bilhasali ya gane gari ba ya ciyar da kansa, a kullum bakinsa a buɗe yake yana jiran abin da karkara za ta zuba masa.

Wanda ya mai da wannan tunani lambobi a zamaninmu shi ne Abel Wolman, injiniyan ruwa daga Baltimore ta Amurka, wanda tun yana saurayi ya yi suna wajen tsara yadda ake auna sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha. A 1965, lokacin da fari ke damun birnin New York, ya rubuta maƙala inda ya kwatanta birni da jikin mai rai, mai ci da sha da fitar da ƙazanta. Ya ƙaddara wani birni na Amurka mai mutum miliyan 1, ya ce a kowace rana zai haɗiye tan 625,000 na ruwa, da tan 2,000 na abinci, da tan 9,500 na makamashi, wato kwal da mai da gas, sa'an nan ya fitar da tan 500,000 na ruwan ƙazanta, da tan 2,000 na shara, da tan 950 na hayaƙi da ƙura masu gurɓata iska. Mai sauraro ya ɗan tsaya a kan lambar farko, domin ita ce abin lura. Ruwa ya ninka abinci fiye da sau 300, kuma in aka raba shi kan kowane mutum ya haura lita 500 a yini, wato fiye da jarka 20 irin wadda 'yan ga-ruwa ke turawa a kura. Bayan Wolman, masana suka yi wa biranen gaske irin wannan hisabi, Brussels ta Baljiyam da Hong Kong a shekarun 1970, har zuwa 2015 da Christopher Kennedy da abokan aikinsa suka auna manyan birane 27 na duniya, suka tarar mazaunansu ba su kai kashi 7 cikin 100 na mutanen duniya ba, amma su ke fitar da wajen kashi 13 cikin 100 na shararta.

Sai dai wannan duka hoto ne na tsaye, kamar ɗan kasuwa ya ƙirga kayan rumfarsa ran guda. Abin da kwamfuta ta kawo shi ne lokaci, kuma hanyar da take bi ba ta da wata karama a ciki. Tana ɗaukar abin da ke ajiye yau, ta ƙara abin da ya shigo, ta ɗebe abin da ya fita, ta rubuta saura a matsayin ajiyar gobe, sa'an nan ta sake, ta sake, sau dubbai, ba gajiya ba mantuwa. Bari mu ƙaddara misali da kanmu, mu yi shi da ka. A ce madatsa tana cin awo 100 in ta cika, gari yana jan awo 12 kowane wata, damina kuma wata 4 ce, kowane wata tana zuba awo 30. Mai duba jimlar shekara zai ce shiga 120, fita 144, giɓin bai wuce kashi 1 cikin 6 ba, a yi haƙuri a lallaɓa. To, mu bi wata-wata. Rani na fari, wata 8, ya cinye 96, saura 4, an sha da ƙyar, jama'a kuwa ba su ma sani ba, tun da famfo bai taɓa ɗaukewa ba. Damina ta zo ta ɗaga shi zuwa 76. Rani na biyu kuwa, cikin wata na 7, sai a tarar da laka. Giɓin da ya yi kama da ƙarami a jimla, ga shi ya bar gari fiye da wata guda ba ɗigon ruwa, kuma bai yi sallama ba kafin ya iso.

Wannan ma sauƙi ne, domin mun ɗauka garin ba ya motsi. Gari na gaske kuwa yana mai da martani ga duk abin da aka yi masa. A kai ruwa wata unguwa, mutane su ji labari su taso su cika ta, ruwan ya koma bai isa ba. A fara ginin sabuwar madatsa saboda ƙarancin bana, ba za ta ba da ruwa ba sai bayan shekaru, lokacin da garin da aka gina ta dominsa ya riga ya zama wani garin dabam. Sakamako yana komowa ya zama sanadi, kuma tsakanin aiki da amfaninsa akwai jinkiri. Waɗannan biyun su ne ke rikita hankalin mai mulki, kuma mutumin da ya fi kowa nacewa a kansu shi ne Jay Forrester.

Forrester ɗan makiyaya ne, a gonar shanu ya tashi a jihar Nebraska, ya zama injiniyan lantarki a babbar makarantar fasaha ta MIT, inda ya jagoranci ƙera ɗaya daga cikin kwamfutocin farko, ya kuma ƙago wata hanyar ajiye bayanai da ƙananan zobba na maganaɗisu wadda kwamfutoci suka yi shekara wajen 20 suna dogaro da ita. Da ya koma sashen koyar da tafiyar da kamfanoni a 1956, sai manajojin General Electric suka kawo masa kukansu, cewa masana'antunsu na kayan gida a Kentucky sukan yi aiki dare da rana, bayan 'yan shekaru kuma a sallami ma'aikata da yawa, sa'an nan a sake nemansu, su kuwa suna ɗora laifin a kan kasuwa. Ya tambaye su ƙa'idodin da suke bi wajen ɗaukar ma'aikata da tara kaya, ya zauna da fensir da takarda ya bi lissafin mako-mako, ya nuna musu cewa ko da masu saye ba su canja ba, ƙa'idodin nan nasu kaɗai sun isa su haifar da wannan hawa da sauka. Ɓarawon a cikin gida yake.

A 1968 John Collins, wanda ya sauka daga kujerar magajin garin Boston bayan shekara 8, ya zo MIT, Allah ya sa ofishinsa ya faɗo kusa da na Forrester. Daga hirarsu, da ta wasu da suka san sha'anin birni, aka gina birnin lissafi wanda aka wallafa a 1969. An kasa mutanensa gida uku, manya masu shugabanci da ƙwarewa, da ma'aikata, da marasa cikakken aiki, aka kasa gidaje uku daidai da su, masana'antu ma uku, sababbi da waɗanda suka manyanta da masu durƙushewa. Gida yana tsufa ya gangara daga aji zuwa aji, masana'anta tana tsufa ta rage ɗaukar mutane, baƙi kuma suna shigowa gwargwadon yadda birnin ya fi waje armashi. Aka saki wannan birni ya rayu shekara 250 a cikin na'ura, ya bunƙasa, ya cika filinsa, ya tsufa ya tsaya cik. Sa'an nan aka shiga gwada magunguna, sai ga hukuncin da ya tayar da ƙura, cewa gina wa matalauta gidaje masu araha yana ƙara dagula birnin, saboda gidajen suna cinye filin da masana'anta za ta zauna, suna kuma jawo ƙarin marasa aiki, abin da ya fi kuwa, in ji na'urar, shi ne a riƙa rushe tsofaffin gidajen talakawa a ba sababbin masana'antu wuri.

A nan zan faɗi ra'ayina, wanda ba ni kaɗai ke da shi ba. Forrester ya yi gaskiya da ya ce hankalin mutum yana ruɗuwa in sanadi da sakamako suka yi nisa da juna, kuma wannan darasi nasa ya wanzu. Amma lambobin da ya zuba ba daga ƙididdigar wani birni na gaske ya ɗebo su ba, galibi ƙiyasi ne nasa da na abokan shawararsa, kuma ya kewaye birninsa da iyaka wadda ba ta faɗaɗa, ya mai da duk abin da ke bayanta wani fili marar iyaka wanda ke aiko mutane yana kuma karɓar waɗanda aka kora ba tare da an tambayi inda suka kwana ba. Wanda ya gina gida a kan cewa fili ba ya ƙaruwa kuma talaka yana bin gida mai araha, bai kamata ya yi mamaki ba in na'ura ta ce masa gidan talaka ne matsala, gama abin da ya zuba a tukunya shi ya kwashe. Illar ita ce magana in ta fito daga bakin mutum ana iya ja da ita, in kuwa ta fito a takardar kwamfuta sai ta sami wani kwarjini wanda ba ta cancanta ba. A 1973 wani masanin tsara birane, Douglass Lee, ya rubuta maƙala wadda kusan ta'aziyya ce ga irin waɗannan manyan biranen lissafi, yana zarginsu da haɗamar bayanai da son ɗaukar kome a lokaci guda. Abin dariya, inda aikin Forrester ya fi yaɗuwa shi ne wajen wasa, domin Will Wright, wanda ya fitar da wasan kwamfuta na SimCity a 1989, ya karanta shi ya ɗauki tunaninsa, yara miliyoyi suka yi ta zama magajin gari a ɗakunan iyayensu.

Inda wannan ilmi ya fi tsayawa da ƙafafunsa shi ne inda abin da ake lissafawa ba shi da ra'ayi, wato ruwa a cikin bututu. Tun 1936 wani malamin injiniya a jami'ar Illinois, Hardy Cross, ya tsara hanyar gano yadda ruwa ke rarrabuwa a cikin bututun gari masu sarƙe da juna, bisa ƙa'ida biyu: duk ruwan da ya shiga mahaɗa dole ya fita, kuma in ka zaga da'ira ka komo inda ka tashi, ƙarfin turi dole ya koma yadda ka bar shi. Sai a yi hasashe, a ga kuskure, a gyara, a sake, har lissafi ya zauna, aikin da kan ci wa injiniya kwanaki da hannu. A 1993 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da manhajar EPANET, wadda Lewis Rossman ya rubuta, kyauta ga kowa, kuma har yau ɗaliban injiniya a ko'ina da ita suke koyo. Ana zana mata kowane bututu da tsawonsa da faɗinsa, da tudun kowace unguwa, da tankuna da injinan turi, ita kuwa ta faɗi ƙarfin ruwa a kowace mahaɗa sa'a bayan sa'a. A nan ne mutum ke ganin abin da ido ba ya ba shi. In aka ninka ruwan da ke bin bututu sau 2, ƙarfin da ke ɓacewa saboda gogayya yana ninkuwa kusan sau 4, in kuwa faɗin bututun aka ninka sau 2, asarar tana raguwa kusan sau 30. Shi ya sa unguwar da ke ƙarshen layi, ko wadda ke kan tudu, ke fara rasa ruwa da zarar an yi sababbin gidaje a gabanta, alhali ba wanda ya rufe mata kome. Haka kuma masu neman yoyo sukan auna ruwan da ke shiga unguwa tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare, sa'ad da kowa ke barci, domin mafi yawan abin da ke gudu a wannan lokaci ƙasa ce ke shansa. Da Frontinus zai dawo, da ya gane aikinsa.

To, amma malaman usulu sun ce ƙiyasi ba ya inganta sai illar da ke cikin asali ta tabbata a cikin reshe. Asalin wannan manhaja an gina shi ne a kan garin da bututunsa ke cike da ruwa dare da rana, inda mutum ke buɗe famfo lokacin da yake bukata ya rufe in ya gama. A garuruwa da yawa na Afirka da Asiya, har da namu, al'amarin ba haka yake ba. Mai sauraro ya san yadda abin yake: famfo a buɗe aka bar shi tun jiya, can cikin dare a ji ya fara huci yana tari, iska ta fito, sai jan ruwa, sai fari, gida ya tashi, a jera bokiti da baho da tulu, mai hali kuma ya kunna injinsa ya zuƙe layin zuwa tankin da ke saman soro. A irin wannan gari ba bukata ce ke auna abin da mutum ya ɗiba ba, girman mazubinsa ne da kusancinsa da babban bututu. Kuma bututun da ya wofinta yana iya tsotso ruwan kwata ta wurin tsaguwa. Wanda ya ɗauki manhajar ya ɗora wa wannan gari ba tare da gyara ba, lambobi za su fito masa tsaf-tsaf, sai dai na wani gari ne.

Yanzu bari mu je Cape Town ta Afirka ta Kudu, inda aka ga wannan hisabi ya fito daga ofis ya shiga kowane gida. Birni ne mai mutum fiye da miliyan 4, yana sha daga manyan madatsai 6, babbarsu Theewaterskloof, ruwan samansa kuma a lokacin sanyi yake sauka, daga wajen Mayu zuwa Agusta. Shekara 3 a jere, 2015 da 2016 da 2017, ruwan ya yi ƙaranci ƙwarai. Hukumar birnin ta yi lissafi irin na randar uwargida: ga abin da ya saura, ga abin da gari ke ja, ga na manoma, ga wanda rana da iska ke kwashewa, ta kuma ƙayyade cewa ranar da madatsan suka sauka zuwa kashi 13.5 cikin 100 za a rufe famfunan gidaje, kowa ya tafi ɗaya daga cikin wurare wajen 200 ya bi layi ya karɓi lita 25 a yini. Suka ba ranar suna, Ranar Sifili, kuma a cikin Janairun 2018 lissafi ya nuna 12 ga Afrilu. Daga 1 ga Fabrairu aka taƙaita kowane mutum ga lita 50, jarka 2 ke nan, da sha da girki da wanka da wanki da bayi. Mutane suka koma wanka a tsaye cikin baho domin a tara ruwan a zuba a masai, injiniyoyi suka rage ƙarfin turi a bututu unguwa-unguwa, aka yanke rabon manoma, wasu manoman yankin Grabouw kuma suka saki ruwan madatsansu ya gangaro wa birnin. Garin da a 2015 yakan ja kusan lita miliyan 1,200 a rana lokacin zafi, ya sauko zuwa wajen miliyan 500. Ranar Sifili ta yi ta ja da baya, zuwa Mayu, zuwa Yuni, zuwa Yuli, har ruwan sama ya sauka aka janye ta.

Bayan haka an sami masu cewa ai dama tsoratarwa ce, tun da ranar ba ta zo ba. Wannan magana ba ta da hujja, domin lissafin bai taɓa cewa ga abin da zai faru ba, ilmin gaibu na Allah ne. Cewa ya yi in aka ci gaba da ja kamar yadda ake ja, ga ranar da za a kai, jama'a kuwa suka ji suka fasa ja kamar da, sharaɗi ya faɗi, hukunci ya bi shi. Amma akwai wani abin da jimla ta ɓoye, wanda sai daga baya wani birnin lissafi ya tono. A 2023 Elisa Savelli ta jami'ar Uppsala a Suwidin da abokan aikinta suka kasa mazauna Cape Town aji-aji maimakon a haɗa su a raba daidai, suka tarar masu hali, waɗanda ba su kai kashi 14 cikin 100 na jama'a ba, su ke shan fiye da rabin ruwan gidaje, da lambunansu da tafkunan ninƙayarsu, alhali talakawa da mazauna unguwannin bukkoki, kashi 62 cikin 100, rabonsu kashi 27 ne. Da fari ya tsananta kuma, masu halin suka haƙa rijiyoyin burtsatse suka koma jan ruwan ƙasa wanda ba ya bi ta mita. Kalmar nan ta matsakaicin mutum, wadda Wolman ya fara da ita, ta haɗa mai tafki da mai bokiti ta ba su lamba guda.

Misali na ƙarshe daga gida yake, kuma ba ruwa ba ne, itace ne. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 manyan hukumomin duniya sun firgita da abin da suka kira giɓin itacen girki a Afirka. Lissafin mai sauƙi ne: ga yawan jama'a, ga abin da kowa ke ƙonawa, ga abin da daji ke tsirarwa a shekara, a ɗebe wannan daga wancan, a tura gaba. Tun da jama'a na ƙaruwa daji na raguwa, sai giɓin ya yi ta faɗi, har wasu lissafe-lissafen suka sa shekarar da itatuwan wasu ƙasashe za su ƙare ƙaf, shekarun kuwa suka zo suka wuce. Bisa wannan tunani, kamata ya yi kewayen babban birni kamar Kano ya zama fili fetal, da'ira tana faɗaɗa kowace shekara. Sai wasu malaman jami'ar Bayero, cikinsu da Reginald Cline-Cole da Michael Mortimore, suka fita suka ƙirga itatuwa a gonaki, suka gwada hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a shekaru dabam-dabam, suka bi fataken itace, aka wallafa sakamakon a 1990. Abin da suka tarar shi ne gonakin da ke kusa da birnin, inda jama'a suka fi yawa, ba su rasa itatuwansu ba. Manomi ba ya kallon ɗorawarsa da kukarsa da tsamiyarsa a matsayin daji, dukiya ce mai mai ita, yana sassare rassa ya bar gindi, yana kare tsiron da ya fito a gona, kuma da itace ya yi tsada sai ya ƙara kula da shi. Masu girki su ma sukan juya zuwa kara da kananzir, ko su rage wuta. Kada a fahimce ni ba daidai ba, saran daji gaskiya ne, sai dai ya koma can nesa inda motoci ke zuwa ɗebowa daga dazukan da ba su da mai tsaro, wato ba inda lissafi ya nuna ba, maganinsa kuma dabam ne.

Mortimore ya riga ya bayyana wani abu tun shekarun 1960 game da wannan karkara ta kewayen Kano, wanda dattawa cikin masu sauraro sun gan shi da idonsu. A wancan zamani, da rani jakuna kan shigo birni da sassafe ɗauke da itace da hatsi, in za su koma kuma a cika mangalarsu da taki, wato toka da shara da kashin tumaki da awakin da ake kiwo a cikin gidaje, a kai gona a zuba tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka, ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba hutu ta sami abin da za ta mayar. A jadawalin Wolman shara tana da ƙofa guda, ta fita, ba ta komowa. A Kano kuwa sharar bana ita ce dawar baɗi, kuma abin da biranen Turai ke kashe kuɗi yanzu suna zana wa kwamfuta da sunan tattalin arziki mai zagayawa, jaki ya daɗe yana yin sa. Amma jakin ba ya yankar rasit, mai garuwa ba shi da mita, rijiyar burtsatsen da ke bayan gida ba ta cikin taswirar kowa, 'yan bola-jari da ke tsince ƙarfe da roba kafin motar shara ta iso ba a rubuta nauyin abin da suka ɗauka ba, janareton da ke ruri a kowace rumfa kuma ba ya cikin lissafin wutar gari. Ɗalibinmu da ke son ya gina wa Kano ko Zinder ko Katsina birninta na lissafi, manhajar EPANET kyauta ce, zai iya sauke ta yau da dare, amma kafin ya buɗe ta akwai aikin makonni a gabansa, a bakin ƙofar gari da bakin rijiya da bakin juji, da littafi da fensir, yana ƙirga kura nawa ta wuce, jarka nawa ke kan kowace, daga ina aka ɗebo, nawa kuma aka sayar.